Amsoshin Tambayoyinku: Me ya sa ake jin mai tallar magani a ƙi jin likita?

Tambaya: Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani asibitin karkara. Abin da ke ɗaure mini kai shi ne, sai mu zauna mu yi wa mutum bayanin ciwonsa dalla-dalla, ya gyaɗa kai ya fita, da isarsa kasuwa ya tarar da mai tallar magani da lasifikarsa, nan take ya zaro kuɗi. Haka abin yake ga 'yan siyasa da masu talla a rediyo. Ƙanena da ke jami'a ya ce akwai wasu hanyoyi uku da masana suka ce da su ake shawo kan mutane. Waɗanne ne? Kuma idan na koye su na yi aiki da su, ban shiga sahun mayaudara ba? Daga wata mai karatu a Funtuwa.

Amsa: Ƙanenki bai yi kuskure ba. Hanyoyin uku ne: yarda da mai maganar, motsa zuciyar mai sauraro, sai kuma hujjar da ke cikin maganar kanta. Da Girkanci ana kiransu ethos da pathos da logos, kuma da waɗannan sunaye zai same su a littattafansa.

Wanda ya tsara su haka shi ne Aristotal, wanda malaman Larabawa ke kira Arisɗo. An haife shi a shekara ta 384 kafin haihuwar Annabi Isa (AS), ya rasu a 322, ya yi karatu wurin Aflaɗon a birnin Atens na ƙasar Girka. Ba don nishaɗi ya rubuta littafinsa kan iya jawabi ba. A Atens ta wancan zamani, wanda aka kai ƙara shi zai tashi ya kare kansa da bakinsa, a gaban masu yanke hukunci da kan kai ɗari biyu ko ɗari biyar, waɗanda aka zaɓo ta ƙuri'a daga cikin mutanen gari. Ana auna masa lokaci da ruwan da ke tsiyaya daga tulu. Ruwa na ƙarewa, magana ta ƙare. Mutum na iya rasa gonarsa ko ransa don bai iya tsara zance ba, har sana'ar rubuta wa mutane jawabin kotu ta kafu. Aristotal ya duba masu nasara da masu faɗuwa, ya ga duk abin da ke sa a yarda da magana ba ya wuce ɗaya daga cikin ukun nan.

An fassara littafin zuwa Larabci tun zamanin Abbasiyawa, kuma Alfarabi da Ibn Sina da Ibn Rushd duk sun yi masa sharhi. Larabawa ma suna da nasu ilimin, wato balaga, wanda irin su Jahiz da Abdulƙahir Jurjani suka yi wa hidima, kuma har yau ana karanta shi a zaurukanmu. Abin da almajirin balaga ke fara koya shi ne magana ba ta cika sai ta dace da halin da ake ciki da wanda ake yi wa ita. Riƙe wannan, don a nan rabin amsarki take.

Bari mu fara da yarda, domin ita ce ƙofa. Aristotal ya ce abubuwa uku mai sauraro ke nema a wurin mai magana: ya ga ya san abin da yake faɗa, ya ga mutumin kirki ne, ya kuma ga yana nufinsa da alheri. Ma'aikatan lafiya sun fi dogara da na farko. Akwai farar riga, akwai takardar shaida, akwai na'urar awo a wuya. Amma mara lafiya bai cika shakkar iliminku ba. Na ukun yake aunawa: wannan da ko ɗago kai ba ta yi ta dube ni ba, ta damu da ni kuwa? Mai lasifika ba shi da takarda ko ɗaya, amma ya ce "bawan Allah", ya ce "mahaifiyata", ya ce wanda ba shi da kuɗi ya zo ya karɓa sadaka, ya rantse cewa gadon kakansa ne ba neman duniya ba. Duk jarinsa ya zuba shi a inda ku kuka bari fayau.

Babu misalin da ya fi wanda ya faru a sashenki na aiki. A 2003 wasu jihohin Arewa suka dakatar da rigakafin shan inna, Kano ta fi kowa daɗewa, sai a watan Yulin 2004 aka ci gaba. Jita-jitar da ta bazu ita ce an gauraya maganin da abin hana haihuwa. An yi gwaje-gwaje, an kawo sakamako, an kira masana, amma duk hujjar ta tsaya a bakin ƙofa, domin mutane ba su yarda da masu kawo ta ba. Kuma ba haka kawai suka ƙi ba. Shekara bakwai kafin nan, lokacin annobar sanƙarau ta 1996, kamfanin Pfizer ya yi gwajin maganin Trovan a Kano, gwajin da ya haɗa da yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu. Kamfanin ya musanta laifi, ya ce cutar ce ta kashe su, daga baya a 2009 ya sasanta da gwamnatin jihar a kan dala miliyan 75. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu. Ga kuma wata tambaya da iyaye ke yi wadda ba ta wauta ba ce: me ya sa maganin zazzaɓin cizon sauro, wanda muke gani yana ɗauke mana yara, sai mun saya, amma wannan ana bin mu da shi gida-gida kyauta?

Dubi abin da ya warware ƙullin. Ba ƙarin alƙaluma ba ne. An sayo maganin daga Indonesiya, ƙasar da Musulmi suka fi rinjaye. Gwamnan Kano na lokacin, Malam Ibrahim Shekarau, ya bari an ɗiga wa 'yarsa a bainar jama'a. Daga baya sarakuna ƙarƙashin jagorancin Sarkin Musulmi suka karɓi aikin, ya gangaro zuwa hakimai da dagatai da masu unguwa. Aka ɗauki matan unguwa su shiga gidajen da suka saba shiga suna da biki. Waɗanda cutar ta nakasa suka fito a kan kekunansu suna cewa iyaye su dube su. Sannan aka riƙa kafa 'yan sansanonin lafiya inda ake duba wasu cututtuka a ba da magani, wanda shi ne amsar waccan tambaya ta iyaye. Maganin bai canja aikinsa ba, bakin da ke kawo shi ne ya canja. An ga shan inna na daji na ƙarshe a Najeriya a Borno a 2016, kuma a watan Agustan 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da shi.

Sai dai yarda abar aro ce, ana kuma sayenta. Shi ya sa kamfanin sabulu ko na layin waya ke biyan jarumin fim ya riƙe kayansa yana murmushi. Jarumin bai fi ki sanin sabulu ba, ƙaunar da kike masa ce aka ɗauko aka shafa wa sabulun. Wannan mai sauƙi ne, asararsa kuɗin sabulu. Mai tsadar shi ne irin na ranar 5 ga Fabrairun 2003, lokacin da Sakataren Harkokin Wajen Amurka Colin Powell ya je Kwamitin Sulhu na Majalisar Ɗinkin Duniya ya ce Iraƙi na da makaman ƙare dangi. An turo shi ne domin a gwamnatin Shugaba Bush ƙarami babu wanda duniya ke ganin ƙimarsa kamar shi. Ya ɗaga wata 'yar kwalba don nuna yadda ƙwayar cuta kaɗan za ta yi ɓarna, ga shugaban hukumar leƙen asiri ta CIA zaune a bayansa. Bayan kimanin mako shida aka fara yaƙi, ba a kuma sami makaman ba. Shi kansa Powell daga baya ya ce jawabin tabo ne a tarihinsa. Aristotal ya riga ya hango irin wannan, shi ya sa ya nace cewa yardar ta fito daga abin da mutum ya faɗa a wurin, ba daga sunan da ya zo da shi ba.

Ta biyu ita ce zuciya, kuma ita aka fi zargi. A nan ina da ja. Mutane kan ɗauka duk maganar da ta sa hawaye ko ta tsorata yaudara ce, mai sanyi kuma ita ce gaskiya. Ba haka ba ne. Mutum ba ya tashi daga tabarmarsa don an gamsar da shi kawai, sai abin ya taɓa shi. Aristotal ya soki marubutan da suka gabace shi don sun mai da hankali kan tunzura alƙalai kaɗai, amma shi ma ya ware babi-babi yana bayanin fushi da tsoro da kunya da tausayi da hassada: wane hali mutum ke ciki idan ya ji su, wa yake jin su a kansa, me ke tayar da su. Har ya bambanta yadda ake magana da matasa da yadda ake yi da dattawa.

Ranar 28 ga Agustan 1963 Martin Luther King, jagoran fafutukar 'yancin baƙaƙen fatar Amurka, ya tsaya gaban mutane kusan 250,000 a Washinton. Kowa ya san ƙarshen jawabin, inda yake faɗin burinsa ga 'ya'yansa huɗu. Abin da ba a cika tunawa ba shi ne ya fara ne da lissafi: shekara ɗari ke nan da shelar 'yanta bayi ta 1863, kuma waɗanda suka kafa Amurka tamkar sun rubuta wa kowane ɗan ƙasa cakin banki ne, amma da baƙaƙe suka je karɓa aka ce babu kuɗi. Ya kafa bashin tukuna, sannan ya sa mutane suka ji zafinsa. Hawayen da aka zubar a ranar suna da abin da suka tsaya a kai.

Kwatanta da wani hawayen, shi ma a Washinton. A watan Oktoban 1990, bayan Iraƙi ta mamaye Kuwait, wata yarinya 'yar shekara 15 ta ba da shaida gaban wasu 'yan majalisar Amurka tana kuka, cewa ta ga sojojin Iraƙi suna cire bakwaini daga kwalabensu a asibiti suna barinsu a ƙasa su mutu. Shugaba Bush babba ya yi ta maimaita labarin, kuma majalisar dattawa ta amince da yaƙi da ƙuri'a 52 a kan 47. Sai a 1992 ta bayyana cewa yarinyar 'yar jakadan Kuwait ce a Amurka, kuma kamfanin tallata manufa na Hill & Knowlton, wanda aka ɗauka haya don neman goyon bayan yaƙin, yana da hannu a shirya shaidar. Masu bincike ba su sami abin da ya tabbatar da labarinta ba. Mamayar gaskiya ce, an kuma yi zalunci a Kuwait, amma labarin da ya fi girgiza mutane shi ne wanda ba shi da tushe. Wa zai iya ɗaga hannu ya tambayi yarinya mai kuka a kan jarirai ina shaidarta? A nan haɗarin yake: tausayi da tsoro suna sa tambaya ta zama abin kunya.

Mai lasifikarki ya san wannan sarai. Saurari jerin da yake karantowa: kasala, ciwon baya, ɗacin baki da safe, jiri in an miƙe, kumburin ciki, rashin kuzari a gida. Babu magidancin da ya wuni a rana da ba zai tsinci kansa a biyu ko uku ba. Da ya ji an ambaci nasa, sai ya ce wannan mutum ya san ciwona, alhali ba a taɓa ko hannunsa ba. Sannan a taɓo abin da yake jin nauyin faɗa wa mace a asibiti, a ba shi hanyar sayen magani ba tare da ya buɗe baki ba. Tsoro da kunya da sutura, duk a ƙulli ɗaya. Mawaƙin siyasa ma hanyarsa ke nan ta wani gefen, kamar yadda maroƙa suka gada: a kira uba da kaka, a tuna wa jama'a gidan da ɗan takara ya fito, a yi wa abokin hamayya zambo, har a watse ba wanda ya tambayi rijiya ko makaranta.

Ta uku ita ce hujja: dalili, misali, lissafi, shaida. Ita ake ɗauka tsarkakakkiya, ni kuwa ita na fi tsoro idan ta faɗa hannun mugu, domin mai ilimi yakan tsare kansa daga kuka, amma da ya ga alƙaluma sai ya saki jiki.

Akwai wani abu da Aristotal ya gano wanda a ganina ya fi rabe-raben ukun amfani. Ya ce mai jawabi ba ya kawo hujja cikakkiya. Yakan faɗi rabi, ya bar mai sauraro ya cike sauran daga abin da ya riga ya yarda da shi. A 1946 kamfanin R.J. Reynolds ya fara tallar sigarin Camel a Amurka da cewa an tambayi likitoci 113,597, kuma wannan sigari suka fi sha. Lura da kyau, wannan jimla ba ta ce sigari ba ya cutarwa ba. Mai karatu ne ya ƙarasa da kansa: likita ya san lafiya, likita ba zai sha guba ba, ashe babu komai. Shekara huɗu bayan haka, a 1950, binciken Richard Doll da Bradford Hill a Ingila ya danganta shan taba da sankarar huhu. Abin da mutum ya ƙarasa da kansa kuwa yana kare shi kamar ɗansa, don yana ganin tunaninsa ne. Haka tallar sinadarin ɗanɗano ke yi idan ta nuna maigida ya ɗanɗani miya ya yi wa uwargida murmushi, uwar miji na gyaɗa kai. Ba wanda ya ce zaman aurenki a cikin ɗan dunƙulen nan yake. Ke aka bar wa faɗa.

Idan kuma aka zo da alƙaluma, a bi su har ƙarshe. A 2016 shirin MMM, na wani ɗan Rasha Sergei Mavrodi wanda kotun ƙasarsa ta taɓa ɗaure shi kan zamba, ya cika Najeriya da alƙawarin ribar kashi 30 cikin ɗari kowane wata. Babban Bankin Najeriya ya yi gargaɗi, ba a ji ba, domin ga maƙwabci ya nuna saƙon banki a wayarsa, ga bidiyon waɗanda suka karɓa suna godiya. Gani ya kori ji. Amma da an ɗauki biro: naira 100,000 a kan wannan riba, in ana mayar da ita, za ta haura miliyan 2 da dubu 300 a shekara guda, ta haura miliyan 54 a shekara biyu, ta wuce biliyan ɗaya a shekara uku. Wace sana'a ce ke haihuwa haka? Kuɗin sababbin shiga ake ba tsofaffi, kuma a watan Disamban shekarar aka rufe asusun mutane. Cikin waɗanda suka yi asara har da ma'aikata da masu digiri.

Ga yadda ni nake auna magana, ko ta mumbari ce ko ta allon talla. Ba na tambayar wace hanya aka bi, don mai magana nagari duk ukun yake bi. Ina duba wadda babu, da abin da aka ɗora don kada a lura babu ita. Idan rantsuwa ta yi yawa, nakan nemi hujja. Idan alƙaluma suka yi yawa, nakan tambayi wa ya ƙirga, wa kuma ya biya shi. Idan aka ce yau kaɗai, saura kwalba uku, to ana so ne a hana ni kwana da maganar.

Saura tambayarki ta ƙarshe, ko koyon wannan shiga yaudara ne. Tsoronki yana da asali. Ya zo a hadisi ingantacce cewa Manzon Allah (SAW) ya gargaɗi masu kawo ƙara cewa wani kan fi abokin shari'arsa iya tsara hujja har a yanke hukunci a ba shi, kuma hukuncin ba ya halatta masa haƙƙin ɗan'uwansa. Gargaɗin yana kan cin haƙƙi da baki ne, bai ce mai gaskiya ya zama bebe ba. Abin dubawa ɗaya ne: da wanda kike wa magana zai san duk abin da kika sani, zai gode miki ko zai ce kin cuce shi? Idan uwa ta kawo yaro da gudawa, kika kira ta da sunan ɗanta, kika tambayi yadda suka kwana kafin ki ɗauki biro, kika ce mata ke ma ruwan gishiri da sukarin nan kike ba naki, in dai da gaske kina ba su, ba ki yaudare ta ba. Idan kika nuna mata yadda maɗigar jariri ke faɗawa in ruwan jikinsa ya ƙare don ta ji tsoro daidai girman haɗarin, nan ma ba ki yaudare ta ba. Yaudara tana farawa ne inda kika ƙara wa haɗarin gishiri, ko kika yi alƙawarin warakar da ba ki da tabbacinta. Kuma a ƙauye wannan ba ya ɓoyuwa. Mai lasifika gobe yana wata kasuwa, ke kuwa kina nan, za a dawo a same ki.

Hukumomin lafiya ma sai da suka koyi darasin taɓa zuciya daga abokan hamayyarsu, wato kamfanonin taba. Shekaru da dama suna rubuta gargaɗi da ƙananan haruffa a gefen kwalin sigari, kamfanoni kuma suna nuna dawaki da samari masu ji da ƙarfi. A 2001 Kanada ta zama ƙasa ta farko da ta tilasta buga hotunan ruɓaɓɓen dasashi da huhun da ya lalace a kan kwalin, ya rufe rabinsa. Ƙasashe fiye da ɗari sun bi sahu, har da Najeriya.